Donkomi a kan nokawut: Yadda ake ƙulla rangwamen wasan wuta a Kokomlemle da Nima

Daga tsakiyar watan Disamba tebura kan ƙaru a bakin titunan Kokomlemle, unguwar da ke maƙwabtaka da shataletalen Kwame Nkrumah a birnin Accra. Matar da jiya alawa da biskit kawai take sayarwa, yau ta ware gefe guda ta jera wasu ƙananan kwalaye masu launi da rubutun Sinanci. Wasu a fili suke, wasu kuwa suna ƙarƙashin tebur, sai wanda ya tambaya ake fito masa da su.

Kayan wasan wuta ke nan. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ake kira nokawut a Ghana da Najeriya, masu Faransanci kuma su ce pétard: ɗan sanda ne kamar ashana mai kauri, a ƙyasta shi a jefar, ya fashe da ƙara.

Kasuwarsa ta fi ci a lokacin Kirsimeti, wanda mutanen Ghana ke kira Buronya, da daren 31 ga Disamba. Amma yaran zangon Nima da Maamobi da New Town ba sa barin a ba su labari. Suna saye a ƙarshen shekara kamar kowa, suna kuma nema ranar Sallah, da daren biki, da ranar da Black Stars ta ci wasa.

Kusan kowane mai sayarwa yana da irin nasa rangwamen: saya ɗaya a ba ka ɗaya, rabin kuɗi, ko donkomi, kalmar da mutanen Accra ke nufin karya farashi da ita. Abin tambaya shi ne, wa ke biyan kuɗin wannan sauƙi?

Abin da doka ta ce tun farko

Kafin maganar farashi, akwai abin da ya kamata mai saye ya sani. Tun shekarar 1999 gwamnatin Ghana ta fitar da wata dokar zartarwa mai lamba E.I. 21, wadda ta haramta ƙerawa da mallaka da ɗaukar nokawut, tare da wasu manyan kayan wasan wuta masu kama da harsashi da ake cillawa sama su tarwatse.

Kusan kowace shekara rundunar 'yan sandan ƙasar kan tunatar da jama'a wannan doka idan Disamba ya kama, tare da gargaɗin kamawa da gurfanarwa gaban kotu. Dokar ba ta tsaya kan mai sayarwa ba. Wanda aka samu da kayan a aljihunsa ma ta hau kansa.

Dalilan da 'yan sanda ke bayarwa su ne gobara, da raunuka, da kuma yadda ɓarayi ke fakewa da ƙarar nokawut su yi harbi ba a gane ba. Ba Ghana kaɗai ba ce. Rundunonin 'yan sandan jihohi a Najeriya da hukumomin Kwaddibuwa su ma sukan fitar da irin wannan sanarwa a ƙarshen shekara.

Wannan haramci yana da hannu a farashin kansa. Kayan da aka hana ba a ba da rasit a kansu, ba a mayar da su idan sun ƙi tashi, kuma babu ofishin da mai saye zai kai ƙara. Shi kuma mai sayarwa yana saka kuɗin kasada a lissafinsa, domin ya san rana ɗaya ana iya kwashe masa tebur gaba ɗaya.

Daga Liuyang zuwa tebur

Mafi yawan kayan wasan wuta na duniya a ƙasar Sin ake yin su, musamman a garin Liuyang na lardin Hunan da kewayensa. Abin da ke cikinsu ba mai tsada ba ne. Albarushi haɗi ne na abu uku: kusan kashi 75 cikin 100 wani gishiri ne da ake kira fotasiyam naitiret, kashi 15 gawayi, kashi 10 farar wuta. Sauran kuwa takarda ce da yumɓu da lagwani.

Launi ne ke ɗan ɗaga kuɗi. Ja daga sinadarin sitirontiyam yake fitowa, kore daga bariyam, rawaya daga sodiyam, shuɗi kuma daga tagulla, shi ne kuma mafi wuyar haɗawa. Shi ya sa kaya masu araha suka fi yawan ƙara da hayaƙi, launinsu kaɗan ne.

Tsadar a hanya take taruwa. Kamfanonin jiragen ruwa suna ɗaukar wasan wuta a sahun kaya masu fashewa, ba kowane jirgi ke karɓarsa ba, wanda ya karɓa kuma yakan caji fiye da na sauran kaya. Mai shigo da kaya da dala yake biya, watanni kafin Disamba. Daga hannunsa sai manyan 'yan sari, daga nan zuwa kasuwannin tsakiyar birni irin su Makola da Okaishie, sannan katan-katan zuwa tebura a unguwanni. Kowane hannu da kayan suka bi sai ya ɗora ribarsa.

Canjin dala ma yana taka rawa. A farkon 2022 dala ɗaya kusan sidi 6 ce, kafin ƙarshen shekarar ta haura ninki biyu, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba. A 2025 lamarin ya juya: sidi ya farfaɗo daga kusan 15 zuwa ƙasa da 11 a kan dala a tsakiyar shekara. Sai dai kamar yadda aka saba a kowace kasuwa, farashi da gudu yake hawa, da rarrafe yake sauka. Mai kaya kan kafa hujja da cewa ya saro ne lokacin da dala ke sama.

Me ya sa mai kaya ke gaggawar ragi?

Shinkafar da ba a sayar yau ba, gobe tana nan da darajarta. Nokawut ba haka yake ba. Kasuwarsa makonni biyu ne zuwa uku, kuma da ƙarfe 12 na daren 31 ga Disamba ta wuce, masu nemansa sun watse. Abin da ya rage ya zama kwantai.

Kwantan wasan wuta kuwa nauyi ne a wuyan mai shi ta fuska uku. Jarinsa ya kwanta har wata shekara. Accra gari ne na bakin teku mai laima, ga damina mai ƙarfi tsakanin Afrilu da Yuli, albarushi kuma yana shan danshi ya lalace. Sannan ajiye katan-katan na abin fashewa a ɗakin da ake kwana ko a shagon katako wasa da rai ne. Ranar 26 ga Disamban 2012 wani ɗakin ajiyar nokawut ya yi bindiga a unguwar Jankara da ke tsibirin Legas, aka rasa rai, mutane da dama suka jikkata, gine-ginen kewaye suka ƙone.

Saboda haka mai wayo yakan tsara farashinsa tun ranar farko yadda zai fitar da uwar kuɗinsa da wuri. A ɗauki misali da ƙirƙirarrun alƙaluma masu sauƙin lissafi. Mai tebur ta saro fakiti 100 a kan sidi 10 kowanne, jarinta sidi 1,000 ke nan. Ta sa farashi sidi 20. Idan ta sayar da 60 kafin 30 ga wata, ta tara sidi 1,200, wato ta mayar da jari har da riba. Ragowar 40 ɗin ko a sidi 8 ta sallama su, ƙasa da yadda ta saro, sidi 320 ɗin da za ta samu ƙari ne a kan ribarta.

Idan ta rantse cewa faɗuwa take yi a kan fakitin, ba ƙarya ta yi ba. Abin da ba ta faɗa ba shi ne, waɗanda suka saya a makon farko sun riga sun biya mata wannan faɗuwar.

Rangwame iri-iri da lissafinsu

Dabarun ba a Accra aka ƙirƙiro su ba. A Amurka, inda ake kafa rumfunan wasan wuta gabanin bikin 4 ga Yuli, tallan saya ɗaya a ba ka ɗaya kyauta tsohon yayi ne. Ga yadda mafi yawansu ke aiki, har yanzu da alƙaluman misali.

Na farko, saya ɗaya a ba ka ɗaya. Kwalin da mai kaya zai yi farin cikin sayarwa a sidi 60, sai ya rubuta masa 120 ya ce na biyun kyauta ne. Mai saye ya biya 120 ya tafi da biyu, kowanne ya tsaya masa a 60. Babu ragi ko na pesewa ɗaya. Abin da ya canza kawai shi ne wanda ya zo da niyyar kashe 60 ya kashe 120. Hanyar ganewa ita ce a tambayi kuɗin guda ɗaya tak ba tare da kyautar ba, a kuma tambaya a tebur na gaba.

Na biyu, saya ɗaya a ba ka na biyu a rabin kuɗi. Kunne rabi yake ji, amma idan kowanne 40 ne, an biya 60 a maimakon 80. Ragin kashi 25 cikin 100 ne, ba 50 ba.

Na uku, a ɗaga a sauke. Abin da yake 30 a watan Nuwamba ya koma 60 a makon Kirsimeti, sannan a shelanta an zabge rabi. Ya dawo 30 ɗinsa. Wanda bai san tsohon farashi ba sai ya tafi yana murna.

Na huɗu, ragi a kan ragi. An rage kashi 50, an ƙara rage kashi 20. Mutane da yawa sai su haɗa su ce 70. Ba haka ba ne: kayan sidi 100 sun koma 50, kashi 20 na 50 kuma 10 ne, an tsaya a 40. Ragin kashi 60 ne.

Na biyar, haɗin gambiza. A cika babbar leda ko kwali mai hoto da kaya iri goma a ce kuɗi ɗaya. Galibi biyu ko uku ne masu kyau a sama, sauran ciko ne na kayan da suka ƙi tafiya. Girman kwali ba shi ne yawan albarushi ba.

Na shida shi ne gyara, wadda kowane Bahaushe ya sani, har kalmar ta shiga bakin 'yan kasuwar Ghana suna cewa jara. Yaro ya ce: "Anti, ba gyara?" Ita kuma ta ce: "Ungo ɗana, gobe ka kawo mini abokanka." Sanda biyun da ta ƙara masa ba su kai komai ba a jarinta, amma sun saya mata ciniki na mako guda.

Mai ƙaramin kuɗi ya fi biya

A zango mafi yawan ciniki ba na katan ba ne, na ɗai-ɗai ne. Yaro ya zo da canjin da ya rage daga kuɗin koko da ƙosai ya sayi sanda ɗaya ko biyu. A nan riba ta fi kauri. Fakiti mai sanda 20 da ake sayarwa sidi 10, idan aka farke shi aka sayar da kowace sanda sidi 1, ya zama sidi 20.

Iyaye kuma ba sa ganin jimillar, domin a gutsure take fita. Sidi 3 da safe, 2 da yamma, yara uku a gida, kwana 15: sidi 225 ke nan ya tafi a hayaƙi, alhali da uban aka ce ya ba da wannan kuɗi a dunƙule zai ce albarka. Ga shi kuma watan Janairu na tafe da hidimar komawa makaranta.

Ma'aunin gaskiya: nawa kowace tashi ta ci?

Farashin fakiti ba shi ne ma'auni ba. Ma'auni shi ne nawa aka biya a kan kowace sandar da ta yi aiki. Tsohon kaya mai sanda 20 a sidi 8, idan 8 suka ƙi tashi, 12 ɗin da suka rage kowacce ta tsaya kusan pesewa 67. Sabon kaya a sidi 12 da ɗaya kawai ta mutu, kowacce pesewa 63 ce. Mai arahar ya fi tsada. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Haka lissafin yake ga manyan kwalayen da ke harba wuta sama a jere. Kwali mai rubutun harbi 100 da bututu sirara kamar fensir zai iya ƙarewa cikin daƙiƙa 20 ba a ga komai ba sai walƙiya. Masu sayen irin waɗannan a ƙasashen da aka halatta su nauyin albarushi da faɗin bututu da tsawon lokacin ci suke dubawa, ba yawan lambar da ke jikin kwali ba.

A ƙasashen Tarayyar Turai kowane kaya yana ɗauke da tambarin CE da rukuninsa, daga F1 mai ƙaramin haɗari zuwa F4 na ƙwararru, kuma ƙarar na jama'a ba ta wuce desibel 120 ba. A Amurka nokawut ɗin da aka yarda a sayar wa jama'a ba ya ɗaukar hodar fashewa fiye da miligiram 50. Kayan da ke kan tebur a Kokomlemle ko Nima sau da yawa babu ranar ƙerawa, babu sunan mai shigowa, babu bayanin da mai saye zai iya karantawa.

Tsohon kaya yana da alamu: takarda ta koɗe ko ta yi laushi, tabon ruwa a gindin kwali, lagwani ya saki ko ya gajarce, hoda na zuba a leda. Kayan bara su ne aka fi yi wa donkomi a farkon kasuwa, kuma su ne mafi haɗari. Lagwanin da ya sha danshi kan ci a ɓoye, yaro ya zaci ya mutu ya koma ya ɗauka, sai ya fashe masa a hannu ko a fuska.

Kuɗin da ba a rubuta a kwali ba

Lokacin nokawut ya zo daidai da hunturu, sa'ad da iska ta bushe kuma komai ke saurin kamawa. Nima da Maamobi na cikin unguwanni mafi cunkoso a Accra: gidajen haya masu ɗakuna da yawa, shagunan katako jingine da juna, tukwanen gas a tsakar gida, lunguna da yawa kuma motar kwana-kwana ba ta iya shiga. Tartsatsi ɗaya a kan katifar da aka shanya ya isa.

Mutanen Kokomlemle ba baƙin labarin wuta ba ne. Ranar 3 ga Yunin 2015 gobara ta tashi a wani gidan mai da ke shataletalen Kwame Nkrumah ana tsaka da ambaliya, mutum fiye da 150 suka rasu. Ba wasan wuta ne ya jawo ta ba, amma ta nuna yadda wuta ke yi idan ta samu mai da cunkoso. Har yau gidajen mai da tashoshin mota da masu suya suna nan birjik a yankin.

Ko sandar tartsatsi da ake miƙa wa ƙananan yara don ana ganin ba ta fashewa, zafinta kan haura digiri 1,000 a ma'aunin Salsiyos. Ƙunar da ta yi tsanani sai an dangana da cibiyar kula da ƙuna ta asibitin koyarwa na Korle Bu, kuma jinyar yatsa ko ido ɗaya ta fi ƙarfin duk ragin da aka samu a shekara goma.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. Tsoho mai hawan jini, da jariri, da mai jinya, duk katanga ɗaya ce tsakaninsu da lungun da ake jefa nokawut. Malaman zango kan haɗa wannan da batun almubazzaranci idan suna yi wa matasa nasiha.

Abin da mai ƙaramin ƙarfi zai yi

Mafi arahar wasan wuta shi ne wanda wani ya biya. Wasu otal-otal da wuraren shaƙatawa na bakin teku kan harba nasu a daren sabuwar shekara, ana kuma hango shi daga nesa ba tare da an kashe ko pesewa ba.

Gidan da ya ga lallai sai ya faranta wa yara, matakin farko shi ne ya bar nokawut da duk abin da dokar 1999 ta ambata. Sannan a yanke adadin kuɗi tun daga gida, a fita da shi kaɗai. Babba ne zai saya ya kuma riƙe, ba a ba yaro kuɗi a hannu ba. Gidaje biyu ko uku na iya yin karo-karo su sayi fakiti a dunƙule, su tsira daga tsadar ɗai-ɗai. A zagaya tebur uku kafin a taya, a raba kuɗin da yawan abin da ke ciki. Kada a sayi na ajiya don an ga donkomi ranar 1 ga Janairu, domin wanda ya yi haka ya karɓi kwantai da haɗarin mai tebur ne ya kai ɗakinsa, har ya biya kuɗi a kai.

Wurin kunnawa ya zama fili, nesa da gas da janareta da rufin leda, da bokitin ruwa a kusa. Wanda ya ƙi tashi ba a komawa kansa, a jira a zuba masa ruwa. Idan an ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na kimanin minti 20, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba, ba manja ba, sannan a nufi asibiti. Lambar gaggawa a Ghana 112 ce, ta 'yan kwana-kwana kuma 192.

Mai tebur ba maƙiyin kowa ba ce. Ita ma jari ta zuba, tana tsoron kwantai, tana tsoron kame, tana son ta ga Janairu da ɗan abin hannu. Ta yi lissafinta tun kafin ta shimfiɗa kaya. Abin da ya rage shi ne mai saye ya yi nasa kafin ya zaro kuɗi, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.